Fiyano: Asalinsa, Yadda Yake Aiki Da Abin Da Ya Yi Wa Kiɗan Hausa

Duk wanda ya je biki a Hausari ta Maiduguri, ko Sabon Ibadan, ko Agege da Idi-Araba a Legas, ya san wannan hoton. Yaro ɗaya ne tsaye a bayan wani dogon akwati mai maɓallai farare da baƙaƙe, amma abin da ke fitowa daga sifika sai ka rantse makaɗa goma ne: ga ganga, ga sarewa, ga goge, ga tafi. Wannan akwatin shi muke kira fiyano. Kusan duk waƙar Hausa ta zamani da ke cikin wayarka, ta soyayya ce ko ta siyasa ko ta yabo, daga cikinsa ko daga kwamfutar da ta gaje shi aka fitar da kiɗanta. To ya kamata mu san mene ne shi, tunda yanzu shi yaranmu da aka haifa a kudu suke ji a matsayin kiɗan gida.

Mene ne fiyano?

Sunan aro ne. Fiyano na asali katon kayan kiɗa ne na katako, wanda wani mutumin Italiya mai suna Bartolomeo Cristofori ya ƙera wajen shekarar 1700. A cikinsa akwai wayoyin ƙarfe a ɗaure. Idan ka danna maɓalli sai 'yar guduma ta bugi waya, amo ya fito. Ba ya buƙatar wuta, kuma irinsa na yau maɓallansa 88 ne, 52 farare, 36 baƙaƙe.

Wanda ake kawowa wurin biki daban yake. Babu waya babu guduma a cikinsa. Kwamfuta ce ƙarama da aka yi wa fuskar fiyano, kuma yawancinsu maɓallai 61 gare su. Idan ka duba da kyau za ka ga tsarin yana maimaita kansa: farare 7, baƙaƙe 5, sai a sake. Kowane zubi na 12 ɗin nan amo ɗaya ne da na bayansa, sai dai ya fi shi siranta, kamar muryar uba da ta ɗansa suna rera abu ɗaya. Wani abin sha'awa, baƙaƙen nan biyar su kaɗai suna ba da irin matakalar amo biyar da yawancin waƙoƙinmu na gargajiya suke tafiya a kai. Shi ya sa ɗan koyo kan yi saurin tsintar waƙar Hausa idan ya tsaya a kansu.

Abin da ke faruwa idan an danna maɓalli

A ƙarƙashin kowane maɓalli akwai 'yar roba mai baƙin tabo, irin ta cikin rimot ɗin talabijin. Da ka danna, sai ta taɓa allon lantarki, ƙwaƙwalwar injin ta gane wane maɓalli ne. A masu ɗan tsada tabon biyu ne, ɗaya yana rigan ɗaya taɓawa. Injin yana auna tazarar lokacin da ke tsakaninsu: in gajeriya ce ya san da ƙarfi ka buga, sai ya ɗaga amon, in doguwa ce sai ya sassauta.

Daga nan sai maganar inda amon yake fitowa. Hanyoyi biyu ne manya. Ta farko, injin ya ƙirƙiri amon da kansa ta hanyar kaɗa wutar lantarki. Amo dai ba komai ba ne illa girgizar iska, kuma yawan girgizar a daƙiƙa ɗaya shi ke sa ya yi kauri ko siranta. Amon da ake daidaita kayan kiɗa da shi a duniya yana girgiza sau 440 a daƙiƙa. Hanya ta biyu, wadda yawancin fiyanon yau ke bi, ita ce a je a naɗi amon kayan kiɗa na gaske, a mayar da shi lambobi, a ajiye a cikin injin. A faifan CD, misali, daƙiƙa ɗaya ta amo ana yanka ta gida 44,100. Idan ka zaɓi sarewa ka danna maɓalli, injin yana ɗauko sarewar da aka naɗa a masana'anta ne, ya ɗaga ta ko ya sauke ta daidai da maɓallin, ya mayar da lambobin wuta, wutar ta kaɗa sifika.

Ka riƙe wannan, don za mu dawo kansa: fiyano ba ya iya fitar da abin da ba a zuba masa ba.

Hannun hagu da hannun dama

Irin fiyanon da ya fi yawa a hannun makaɗanmu, wato dangin PSR na kamfanin Yamaha da dangin Pa na Korg, yana da abin da ake kira sitayil. Sitayil kiɗa ne da aka riga aka shirya, mai ɗauke da ganguna da bes da sauran 'yan rakiya, yana ta zagayowa. An raba maɓallan gida biyu. Da hannun hagu makaɗi yake danna maɓallai biyu ko uku don ya gaya wa 'yan rakiyar inda waƙar ta nufa, su kuma su bi shi. Da hannun dama yake yin karin waƙar. Akwai maɓallin buɗewa, da na canza salo, da na rufewa. Akwai na ƙara sauri ko ragewa, ana ƙirga shi da yawan bugu a minti ɗaya. Akwai kuma wanda ke ɗaga kiɗan gaba ɗaya ko sauke shi ya dace da muryar mawaƙi, ba tare da makaɗin ya canza yadda yake ɗora yatsu ba. Wannan shi ne sirrin yaro ɗaya da ke aikin mutum goma.

Sikwensa da MIDI

Sikwensa ita ce ɓangaren da ke riƙe abin da ka kaɗa ta maimaita maka. Amma ba amo take riƙewa ba, umarni take rubutawa: an danna maɓalli kaza, a lokaci kaza, da ƙarfi kaza, an sake shi a lokaci kaza. Mu da muka tashi a harkar shanu mun san bambancin. Tirela ta tashi daga Kasuwar Shanu ta Maiduguri za ta Legas, akwai shanun da ke cikin mota, akwai kuma takardar da ke cewa bijimai nawa, shanu nawa, na wa da wa. Amo shi ne shanun, abin da sikwensa ke riƙewa ita ce takardar. Takarda ba ta da nauyi, kuma ana iya gyara ta da biro.

Shi ya sa mai sikwensa yake iya abubuwan da mai kaset ba ya iyawa. Ya kaɗa da amon fiyano, daga baya ya ce a'a, sarewa nake so, sai ya canza ba tare da ya sake kaɗawa ba. Ya yi kuskure a wuri ɗaya, sai ya goge wannan kaɗai. Hannunsa ya ɗan makara, sai injin ya jawo kowane bugu ya zaunar da shi daidai kan layi. Yana fara ɗora ganga a layi na ɗaya, bes a na biyu, goge a na uku, har kiɗa ya cika.

Harshen da ake rubuta wannan umarnin da shi sunansa MIDI. Kafin 1983 kowane kamfani da nasa tsarin, injin wannan ba ya jin maganar na wancan. Sai Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan suka jagoranci kamfanoni aka amince da harshe ɗaya. A watan Janairun 1983 aka haɗa injinan kamfanonin biyu da waya a bainar jama'a, aka danna ɗaya, ɗayan ya amsa. Waya ɗaya ta MIDI tana ɗaukar layuka 16, tana sanin maɓallai 128, kuma ƙarfin bugu ana auna shi daga 0 zuwa 127. A 1991 aka ƙara wata yarjejeniya mai suna General MIDI, wadda ta jera kayan kiɗa 128 da lambobinsu, ta ware layi na 10 don ganguna.

Takaitaccen tarihi

Tunanin injin da zai yi kiɗa da kansa tsoho ne. A ƙarni na 9, wasu 'yan'uwa uku masana a Bagadaza da ake kira Banu Musa sun bayyana wata sarewa mai busa kanta da ƙarfin ruwa, inda wani gungume mai ƙusoshi yake juyawa yana buɗe ramukanta. Ka canza wurin ƙusoshin, waƙa ta canza. Wajen 1900 kuma aka yi yayin fiyano mai kaɗa kansa a Amurka da Turai, wanda ke karanta doguwar takarda mai huji-huji.

Da lantarki ya zo, Thaddeus Cahill ya ƙera Telharmonium a Amurka, inji mai nauyin tan 200 da ake tura kiɗansa ta wayar tarho. A 1935 organ ɗin Hammond ya shiga kasuwa, majami'u suka rungume shi. A 1964 Robert Moog ya fito da injinsa mai ƙirƙirar amo, a 1970 ya yi ƙarami mai suna Minimoog wanda mutum zai iya ɗauka. A 1979 aka yi Fairlight a Ostareliya, mai naɗar amo na gaske, sai dai kuɗinsa ya kai na gida.

Japanawa ne suka sauko da abin ƙasa inda talaka zai kai. Casio, masu agogo da kalkuleta, sun fitar da Casiotone a 1980. A wannan shekarar Roland ta fitar da injin ganga TR-808. Yamaha ta fitar da DX7 a 1983, Korg ta fitar da M1 a 1988 mai sikwensa a jikinsa. Har a Jamaika, wani kiɗa da ke cikin ɗan ƙaramin Casio MT-40 shi aka ɗora wa waƙa a 1985, ya juya kiɗan rege gaba ɗaya zuwa na inji.

Daga nan sai kwamfuta ta karɓa. Manhajar Cakewalk ta fito a 1987, Cubase a 1989, sai FruityLoops daga Beljiyam a ƙarshen shekarun 1990, wadda aka sauya wa suna zuwa FL Studio a 2003. A 1997 Andy Hildebrand, injiniyan da ya yi aikin binciken mai a ƙarƙashin ƙasa, ya fito da Auto-Tune mai gyara muryar da ta kauce. Wannan ƙyalƙyalin da kake ji a muryar mawaƙanmu, kamar ana waƙa ta cikin bututu, aikinsa ne idan aka ƙure shi.

A Afirka ma ba a makara ba. A Yamai, Mamman Sani ya naɗi kaset a 1978 da organ ɗin lantarki ƙirar Italiya, yana kaɗa karin waƙoƙin Nijar, kuma gidajen rediyo da talabijin na ƙasar sun daɗe suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye. A Inugu, William Onyeabor ya kafa situdiyonsa cike da irin waɗannan injina tun ƙarshen shekarun 1970.

Yadda ya shigo kiɗan Hausa

Ƙofar da fiyano ya shigo mana ita ce fim. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin farkon finafinan bidiyo na Hausa na kasuwa. Masu fim ba su da kuɗin tara makaɗa, ga shi masu kallo sun tashi da finafinan Indiya suna son waƙa da rawa. Sai aka koma ga matasa masu Casio, irin su Nasiru Gwale. A tsakiyar shekarun 1990 situdiyoyin Kano, ciki har da na Iyan-Tama, suka fara sayen Yamaha PSR. Da fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito a 1999, waƙarsa ta cika gari, daga nan fim ba waƙar fiyano ya zama kamar tuwo ba miya. Jarumin fim ɗin, Ali Nuhu, a Maiduguri aka haife shi a 1974. A wannan shekarar ta 1999 ne kuma Alhaji Mamman Shata ya rasu.

Daga fim sai abin ya bazu. Masu yabon Manzon Allah (SAW) da yawa suka ƙara fiyano a kan bandiri ko suka maye gurbinsa da shi. Mawaƙan siyasa suka ɗauka. Aminu Ala, Ali Jita, Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef, Fati Nijar, Rarara, Ado Gwanja, Hamisu Breaker, dukkansu a situdiyo aka haɗa kiɗan da ya fito da su. Malamai kuwa tun can suna da saɓani a kan kiɗa, fiyano bai kawar da saɓanin ba, wannan kuma fagensu ne.

A Maiduguri abin ya haɗu da wasu kunnuwa. Gari ne da Barebari da Shuwa da Hausawa da Babur da Margi suke zaune tare, kuma kiɗan Sudan da Chadi ya daɗe yana shigowa ta Gamboru Ngala. Makaɗin biki a nan dole ya iya juya hannu: ya yi na Kano, ya yi na Sudan, ya kwaikwayi gangar Barebari a daren wushe-wushe. Kiɗan Larabawa yana da wasu amo da ke faɗawa tsakanin maɓalli da maɓalli, shi ya sa kamfanonin suke yin fiyano na musamman don kasuwar Gabas, kamar dangin PSR-A na Yamaha.

Shekarun rikici ma sun taimaka wa inji. Lokacin dokar hana fita, taron dare ya mutu, makaɗan gargajiya da yawa sun rasa wurin cin abinci, amma waƙar situdiyo tana yawo a memori da wayoyi. Sai dai inji yana da nasa ciwon. A Janairun 2021 aka fasa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, garin ya yi kusan shekara a duhu, duk mai situdiyo ya koma kan janareta da sola. Ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 kuma ta nuna wa kowa cewa abin da ke cikin kwamfuta ɗaya tak, dare ɗaya ya ishe shi.

Abin da fiyano bai iya ba

Yanzu mu koma kan maganar da muka ce a riƙe. Ka duba jerin kayan kiɗa 128 na General MIDI: akwai sitar ta Indiya, akwai algaitarsu da suke kira shanai, akwai koto na Japan, akwai kalimba. Babu kalangu, babu kukuma, babu gurmi, babu kuntigi, babu kotso. Makaɗan farko na Kano sun yi ta lalube ne suna neman amon da ya yi kama da namu, kuma abin da suka tarar a shirye na wasu ne. Wannan na cikin dalilan da suka sa kiɗan fim ya karkata Indiya, bayan son da ake yi wa finafinansu.

Matsalar kalangu ta fi ta rashin suna a jeri. Kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse tsirkiyoyinsa a hammata ya saki, amon ya hau ya sauka yana bin hawa da saukar harshen Hausa, har mahauci ya ji an kira kirarinsa ya tashi tsaye. Fiyano kuwa amonsa a kan matakala yake, daga wannan sai wancan. Akwai 'yar taya a gefen hagu da ake murzawa a lanƙwasa amo, gwanaye suna kwatantawa da ita, amma wanda ya san kalangu zai gane. Haka kuma gyaran da inji ke yi na zaunar da kowane bugu kan layi yana kashe ɗan jinkirin nan da saurin nan da ke sa kiɗan hannu daɗi.

A nan akwai darasi a wurin maƙwabtanmu Yarbawa. King Sunny Ade ya shigar da injinan lantarki cikin kiɗan juju tun farkon shekarun 1980, amma bai sallami masu gangan ba, kuma har gobe masu fuji da gangunansu suke hawa dandali. Mu kuwa a wurare da yawa fiyano ya zo sai aka ce wa makaɗi ya huta. Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015, Barmani Choge a 2013, kuma kowa ya san yadda magada suka yi ƙaranci.

Injin yanzu ya ba da mafita ga mai so. Manyan fiyano na zamani da manhajojin kwamfuta suna karɓar amon da ka naɗa da kanka. Ana iya kiran mai kalangu ko mai algaita situdiyo, a naɗe shi, a biya shi haƙƙinsa, a ɗora a kan sauran kiɗan. Wasu mawaƙan sun fara, kuma kunne yana jin bambancin.

Ga mai son saye ko koyo

Idan za ka sayi na hannu a Alaba ko wata kasuwar kayan wuta, ka danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya, a hankali sannan da ƙarfi. Wanda ya yi shiru ko ya yi ihu, robarsa ce ta ci ƙura. Ka duba allon rubutu, da ramin filashi, da sifiku biyun. Ka nemi adaftarsa ta asali, domin ƙananan Yamaha yawanci bolt 12 suke sha, manya kuma 16, kuma adaftar da ba daidai ba tana ƙona allo. Kada ka haɗa shi kai tsaye da janareta ba abin daidaita wuta. Ƙurar hunturu a arewa da laimar damina a kudu duk abokan gabarsa ne, ka riƙa rufe shi.

Idan waƙa ka je yi a situdiyo, ku yi magana tun farko a kan wa ke da kiɗan. Ka karɓi waƙar da aka gama, ka karɓi kiɗan zalla ba murya, in da hali har da fayil ɗin aikin, ka ajiye a wuri biyu. Mawaƙa da yawa sun yi kuka bayan sun ji kiɗan da suka biya a ƙarƙashin muryar wani.

Ga shugabannin al'ummarmu na Sabo da Shagamu da Agege da Fatakwal da Lokpanta kuwa, idan ana shirin naɗin sarauta ko bikin 'ya'ya, a kira mai fiyano, ba laifi, sana'a ce kuma yara da yawa suna ci da iyayensu da ita. Amma a ware kuɗin motar mai kalangu ko mai kukuma shi ma. Yaron da aka haifa a Mile 12 ba zai nemi abin da bai taɓa ji ba. Allah Ya sa mu dace.